Turke a Bakin Gona: Kwana Biyu Ina Bin Sawun Kotunan Iyayen Ƙasa a Ingila

Lokacin da na je Ingila a ƙarshen watan Nuwamba domin duba ƙanena da ke karatu a Nottingham, ban yi niyyar wuce masaukinsa da kasuwa ba, domin hunturu ya riga ya kama, rana kuma tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Amma mutumin da ya shafe shekaru yana riƙe da rajistar kotu, yana rubuta ƙararrakin gado da na iyakar gona, ba ya rasa tambaya idan ya sauka a ƙasar da aka ɗebo wani ɓangare na dokokinmu daga cikinta. Tambayar da ta dame ni ita ce, shekaru ɗari bakwai ko takwas da suka wuce, kafin alƙalan sarki su mamaye ko'ina, wa yake raba gardama idan wani talakan ƙauye ya ci iyakar maƙwabcinsa, ko saniyarsa ta shiga alkamar wani? Ƙanena ya ce, "Yaya, kai ko hutu ka zo sai ka nemo shari'a." Duk da haka shi ya sayo mana tikitin jirgin ƙasa zuwa Lincoln.

Jirgin yana bi ta Newark, inda ake hango kangon ganuwar wani tsohon gidan sarauta a bakin kogin Trent. A nan Sarki John ya rasu a watan Oktoba na 1216, kuma gidan ba nasa ba ne, na bishop ɗin Lincoln ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda ƙasar take a wancan zamani, domin shugabannin coci ma iyayen ƙasa ne, suna da gandaye da talakawa da kotunansu kamar kowane basarake.

A Lincoln sai mutum ya hau wani titi mai tsananin gangara kafin ya kai gidan sarautar da William na Nomandi ya sa aka gina a 1068, shekara biyu bayan ya ci Ingila da yaƙi. Na tsaya sau biyu ina haki kafin mu kai. A cikin wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa mai ƙarancin haske ake ajiye takardar Magna Carta, yarjejeniyar da manyan ƙasa suka tilasta wa Sarki John ya amince da ita, ɗaya daga cikin guda huɗu da suka rage na shekarar 1215. Biyu suna Landan, ɗaya tana Salisbury. Fatar tunkiya ce guda ɗaya, an cika ta da rubutun Latin ƙanana, tawadar ta koɗe ta koma ruwan ƙasa. Masu ziyara kan tsaya a gabanta suna maganar 'yancin ɗan Adam, kuma suna da hujjarsu, amma ni abin da na je nema shi ne sashen da masana na baya suka lasafta na 34 cikin sassa 63. A nan manyan ƙasa suka tilasta wa sarki ya yi alkawarin daina fitar da wata irin takardar umarni da ke ɗauke shari'ar fili daga hannun uban ƙasa zuwa kotun sarki, ta yadda mutum ɗa, wato mai 'yanci, zai rasa kotunsa. Wato daga cikin abubuwan da suka sa aka ɗaga wa sarki takobi har da wannan, cewa yana janye musu masu ƙara, kuma wanda aka janye wa masu ƙara an janye masa kuɗin tara da kwarjini a idon mutanensa.

Ba John ne ya fara wannan janyewa ba. Mahaifinsa, Henry na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1154 zuwa 1189, shi ne ya buɗe ƙofar. Bai rushe kotun kowa ba, kuma a ganina nan dabararsa take. Abin da ya yi shi ne ya kafa hanyoyin shari'a masu sauri waɗanda duk mutum ɗa zai iya saye da takardar umarni daga ofishin sarki, misali wanda aka kora daga filinsa ba bisa ƙa'ida ba zai iya sa a tara mutane goma sha biyu na yankin su rantse a gaban alƙalan sarki su faɗi abin da suka sani. A lokacin ne kuma ƙa'ida ta zauna cewa ba a tilasta wa mutum ya amsa ƙara a kan filinsa na 'yanci sai da takardar sarki, ko da a kotun uban ƙasarsa ne. Mai neman hakkinsa ya ga inda aka fi sauri, ya karkata can, kamar yadda ruwa ke bin gangare. Har yau a cikin harabar gidan sarautar Lincoln akwai babbar kotun manyan laifuka da ke zama da sunan sarki, mun kuwa wuce ta gabanta a hanyarmu ta fita.

Sai dai duk wannan magana ta 'ya'ya ce. Akwai jama'a masu ɗimbin yawa a ƙauyuka waɗanda doka ba ta ɗauke su 'ya'ya ba. Ba bayi ba ne da ake kai su kasuwa, amma a ɗaure suke da gandun da aka haife su, suna noma wa uban ƙasa wasu kwanaki a kowane mako, kuma alƙalan sarki ba sa sauraron ƙararsu a kan fili idan da uban ƙasarsu suke jayayya. Su kotunsu ɗaya ce, kotun gandu. Magna Carta ta ambace su a sashe na 20, inda ta ce idan za a ci irin wannan talaka tara kada a haɗa da kayan nomansa. Domin in ga wannan kotu ta ƙasa-ƙasa ne washegari ƙanena ya aro motar abokinsa muka nufi Laxton, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Nottingham.

Laxton ƙaramin ƙauye ne mai gidajen jan bulo, amma abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne gidajen manoman suna jere a kan titin ƙauyen, da rumbunansu da taraktocinsu, maimakon kowane ya zauna shi kaɗai a tsakiyar gonarsa kamar yadda aka saba gani a sauran Ingila. Dalili shi ne a nan ba a taɓa gama yanka ƙasar an kewaye wa kowa tasa da shinge ba. Manyan filaye uku ne a buɗe, na Yamma da na Kudu da wanda ake kira filin injin niƙa, kowane an raba shi ziri-ziri, kuma manomi ɗaya yana da ziri a nan, wani a can, a warwatse cikin filayen uku. Shekara uku ake juyawa: fili ɗaya alkamar da ake shukawa kafin hunturu, na biyu amfanin bazara, na uku a bar shi ya huta. Sunan ƙauyen yana cikin babban littafin ƙidayar dukiya na Domesday na 1086, kuma a 1635 wani mai safiyo, Mark Pierce, ya zana taswirarsa domin mai ƙasar na lokacin, Sir William Courten, inda ya nuna ziri sama da 2,000. Taswirar tana ɗakin karatu na Bodleian a Oxford. A farkon ƙarni na ashirin an haɗe ƙananan an mayar da su manya, amma tsarin yana nan, kuma manoman da ke riƙe da shi yau ba su kai ashirin ba.

Inda babu shinge dole a sami mai tsawatarwa, kuma wannan ne ya sa kotun gandun Laxton ba ta mutu ba. Dokar majalisa ta 1977 ta karɓe ikon shari'a daga irin waɗannan tsofaffin kotuna, ta bar wasu suna zama domin al'ada kawai, amma ta keɓe ta Laxton da wata ta Denbigh a Wales ta bar musu ikonsu. Kowace shekara a ƙarshen Nuwamba rantsattsu goma sha biyu da shugabansu, dukansu mutanen ƙauyen, sukan hau tirelar tarakta su zagaya filin da ya huta bara aka shuka masa alkama bana. Suna duba wanda garmarsa ta wuce iyaka ta ci hanya ko ta ci ciyawar gayya, da wanda bai yashe magudanar ruwansa ba, suna kafa sababbin turaku na katako inda na da suka ɓace. Bayan mako guda kotu ta zauna a gidan baƙi da shaye-shaye na ƙauyen, mai suna Dovecote, a ƙarƙashin wakilin uban ƙasa, wanda lauya ne, a karanta laifuffukan, a yanka tara, a rantsar da sababbin masu zagaye. Mu mun iso a tsakanin biyun, an yi zagaye amma kotu ba ta zauna ba, saboda haka ban ga zaman da idona ba. Abin da na gani shi ne turakun.

Mun bi wata hanyar ƙafa zuwa filin, kuma a nan na gane cewa takalmin da na sa na zuwa ofis ne. Ƙasar wurin jan yumɓu ce mai danƙo, kowane taku sai ta ƙara nauyi a ƙafa, har sai da na ji kamar ina jan tubali biyu. A bakin wani ziri na durƙusa gaban turke ɗaya. Bai kai tsawon gwiwa ba, katakon fari ne sabo, kansa ya ɗan tarwatse saboda dukan guduma, ga sawun manyan takalma a kewaye da shi. Daga gefe guda alkama ce ta fito kore siriri a layi, daga ɗaya gefen ciyawa ce da ba a taɓa nomewa ba, irin wadda ake gwanjonta ga manoma da damina domin yin harawa. Kunyar ƙarshe ta garmar ta tsaya kamar taki guda kafin turken. Na daɗe ina kallonsa, domin na san irin fayil ɗin da rashin wannan ɗan katako yake haifarwa. Na ga 'yan uwa ciki ɗaya sun shekara biyar suna zarya a kotu a kan abin da layin gamba ɗaya zai raba.

Daga nan muka hau tudun da ke arewacin ƙauyen, inda gidan uban ƙasa yake a da. Babu gini ko ɗaya yanzu, sai tulin ƙasa mai tsayi da ramukan ganuwa da ciyawa ta rufe. Zuriyar de Caux ce ta zauna a nan, bayanta ta Everingham, waɗanda kaburburansu suke cikin cocin ƙauyen, kuma su ne masu gadon sarautar kula da dajin Sherwood. Wannan wata shari'a ce ta daban kuma, domin dajin sarki yana da dokokinsa da kotunansa a kan barewa da itace. A tsaye a kan tudun na yi ƙoƙarin lissafa yawan hukumomin da ke kan talaka ɗaya na wannan ƙauye a wajen shekarar 1280. Yana da kotun gandu da ke zama kusan kowane mako uku. Sama da ita akwai kotun gunduma, wadda a wannan yanki da mutanen Denmark suka taɓa mamayewa ake kira wafentek, sannan kotun lardi a ƙarƙashin wakilin sarki. Idan maganar aure ce ko wasiyya ko zina, ta coci ce. Idan ya ɗana wa barewa tarko, ta daji ce. Wanda ya ɗauka cewa mutanen da ba su san yawan hukuma ba, bai karanta tarihin wannan ƙasa ba.

Kotun gandu ita ce ta fi kusa da wuyansa, kuma ba zan yi mata kwalliya ba, hanyar tatsa ce. Idan talaka ɗaurarre zai aurar da 'yarsa sai ya biya uban ƙasa. Idan ya mutu a ɗauki dabbarsa mafi kyau, magajinsa kuma ya biya kuɗin shiga kafin a damƙa masa gonar. Idan yana son zama a wajen gandun sai ya riƙa biya duk shekara, idan ya kai hatsinsa wani injin niƙa da ba na uban ƙasa ba a ci shi tara, idan ya makara a aikin gandu a ci shi tara. Magatakarda yana rubuta komai da Latin a kan fatun da ake naɗewa kamar tabarma, kuma sau da yawa yakan ɗora adadin tarar a saman sunan mutum da ƙananan baƙaƙe. Adadin da aka fi gani kwabo biyu ne, ko taro, ko sisi, kuɗin da iyayenmu suka san sunayensu sarai tun zamanin fam da sule, amma a lokacin da lebura yake wuni a kan kwabo ɗaya ko biyu, sisi ba abin wasa ba ne.

Amma abin da ya hana ni yanke wa kotun hukunci ɗaya shi ne, wakilin uban ƙasa yana shugabantar zama ne kawai, ba shi ne ya san gaskiyar magana ba. Mutanen ƙauyen ne suke rantsuwa su faɗi al'adar gandun, su ce wane ne magaji, ina iyaka ta tsaya tun zamanin kakanni, kuma daga cikinsu ake zaɓen mutum biyu ko fiye da za su daidaita tara gwargwadon ƙarfin mai laifi. Yawancin abin da ke cikin naɗaɗɗun fatun ma ba tsakanin uban ƙasa da talaka ba ne, tsakanin maƙwabci da maƙwabci ne: bashin sule biyu, alade ya shiga lambu, zagi a bakin rijiya, tsoho ya miƙa wa ɗansa gona bisa sharaɗin a ci da shi har ya mutu. Ƙarar da ta kai sule arba'in ta fi ƙarfin irin wannan kotu, amma talakan ƙauye bai cika kai wa nan ba. Kuma rubutun da aka yi domin uban ƙasa ya san abin da yake bi, shi ne daga baya ya zama hujjar talaka, domin kwafin abin da aka shigar a rajistar kotu ya koma takardar mallakar gonarsa. Wannan nau'in riƙon ƙasa bai ƙare ba sai a 1926.

Wasu iyayen ƙasa suna da fiye da haka, suna riƙe da wani yanki na ikon sarki kansa. Sau biyu a shekara, bayan bikin Ista da kuma ƙarshen Satumba, sukan zauna su duba ƙungiyoyin lamuni, domin kowane namiji talaka da ya kai shekara goma sha biyu dole ya shiga ƙungiyar mutum kamar goma da ke lamunin juna, idan ɗaya ya yi laifi ya gudu sauran su ɗauki tara. A wannan zama ake hukunta wanda ya ji ihun ɓarawo bai fito ba, da mai burodin da ya rage awo, da matan da suka sayar da giya sama da farashi. Irin wannan zama ne ake kira kotun Lit, sunan da ta Laxton take amsawa har yau. Waɗansu ma suna da izinin rataye ɓarawon da aka kama da kaya a hannu a cikin ƙasarsu, kuma gungumen rataya a bakin gari alama ce ta girman mai gari. A Halifax, cikin gandun Wakefield, da wata na'ura mai gatari ake fille kan ɓarawo, kuma ba a daina ba sai a 1650.

Sarki Edward na Ɗaya ne ya tashi tambayar kowa inda ya samo wannan iko. Ya aika masu bincike a 1274 da 1275, sannan daga 1278 alƙalansa suka riƙa kiran manyan ƙasa suna tambayarsu da wace hujja suke riƙe da kotu da gungume. Ana ba da labarin cewa John de Warenne, wanda shi ne kuma mai gandun Wakefield, ya zaro wani tsohon takobi mai tsatsa ya ce ga hujjarsa, da shi kakanninsa suka ci ƙasar tare da William. Ko an yi haka ko ƙari ne na masu tarihi, ƙarshen maganar sulhu ne: a 1290 aka amince cewa wanda zuriyarsa ke riƙe da iko ba yankewa tun 1189 ya ci gaba da riƙewa, amma da fahimtar cewa daga sarki ikon ya fito. Abin da ya rage wa kotunan ƙarfi da gaske ya zo daga wani wajen. Annobar 1348 da 1349 ta kashe jama'a masu yawan gaske, hannun noma ya yi tsada, talaka ya ga zai iya tafiya inda aka fi biya. A boren talakawa na 1381 abin da masu bore suka riƙa nema a gandu bayan gandu su ƙona shi ne naɗaɗɗun fatun kotu, domin a cikinsu aka rubuta wane ne ɗa, wane ne ɗaurarre. A wannan ƙarnin kuma aka kafa alƙalan zaman lafiya na sarki a kowane lardi, suka riƙa ɗauke ƙananan laifuka sannu a hankali.

Da muka sauko daga tudun mun leƙa ɗan kewayen da ake tsare dabbar da ta yi ɓarna har mai ita ya biya, kuma har yau kotun tana naɗa mai kula da shi. Sanyi ya kore mu cikin Dovecote, na nemi shayi, na zauna ina kallon ɗakin da bai fi zauren wani dagaci girma ba, ina tunanin cewa nan da 'yan kwanaki za a kira sunayen masu riƙe da ƙasa ɗaya bayan ɗaya a nan, wanda bai zo ba a biya masa ɗan kuɗin uzuri kamar yadda ake yi tun ana rubutu da Latin. Uban ƙasar ma ya sha canzawa. Zuriyar Pierrepont ta riƙe gandun tun daga 1640, ma'aikatar gona ta karɓa a 1952, hukumar kadarorin masarauta a 1981, sannan a 2020 ya koma hannun gidan Thoresby na zuriyar Pierrepont, inda ya fito. Babu wanda yake karɓar saniyar mamaci ko kuɗin aurar da 'ya yanzu. Abin da ke gaban kotun shi ne garmar wane ta ci hanya, magudanar wane ta toshe.

Ƙanena ya leƙa waje ya ce, "Yaya, mu tashi, duhu ya fara kuma ba mu yi la'asar ba." Muka shimfiɗa rigar ruwansa a gefen mota muka yi salla cikin iska mai yanka kunne. Kafin in shiga motar sai da ya sa na cire takalman na zuba su a leda, domin motar aro ce, na koma Nottingham da safa, jan yumɓun Laxton yana bushewa a bakin wandona.